Yadda ake girbin ƙanƙara a tafki kafin zuwan firji

Ku ɗauka muna bakin wani tafki a jihar Masacusets a Amurka, tsakiyar hunturu, ruwa ya daskare har doki na tafiya a kansa. Kafin firji, daga irin wannan tafki ake samun ƙanƙarar da za a sha shekara guda.

Aikin farko shi ne kankare dusar ƙanƙarar da ta zuba a sama. Idan aka bar ta, sai ta zama kamar bargo, ta hana sanyi ratsawa, ƙanƙarar ta ƙi kauri. Daga nan a huda a auna. An fi son ta kai wajen inci 18.

Sai a zana layi miƙaƙƙe, a ɗaura wa doki garma mai haƙoran ƙarfe, irin wadda wani Ba'amurke, Nathaniel Wyeth, ya ƙera a 1825. Garmar na tsaga layi-layi, tsaye da kwance, tazarar inci 22. Ba ta yankewa har ƙasa. Kashi biyu cikin uku take shiga, don abin da ya rage ya ɗauki nauyin doki da mutane. Ragowar kuma dogon zarto da sandar ƙarfe ke ɓalle shi. Kowane curi ya haura kilo 100, sai a tura shi da ƙugiya ta hanyar ruwa zuwa rumbu.

Haɗarin yana wurin doki. Ana sa masa takalmin ƙarfe mai tsini, duk da haka ƙanƙara kan rufta da shi. Shi ya sa igiya ba ta barin wuyansa: in ya faɗa, a shaƙe shi ya daina fafutuka, a jawo shi kan katako, a kwance igiyar maza, a lulluɓe shi.

Rumbun bango biyu gare shi, tsakani cike da garin katako, irin wanda masu sayar da ƙanƙara a kasuwanninmu ke rufe ta da shi har yau. A ƙasa dole a bar magudana, domin ruwan da ya narke in ya kwanta shi ke cinye sauran.

Da wannan dabara wani ɗan kasuwar Amurka, Frederic Tudor, ya ɗora ƙanƙara tan 180 a jirgin ruwa daga birnin Boston a 1833. Bayan wata huɗu a teku, kimanin tan 100 suka isa Kalkata a Indiya.