Gwajin suga a gida: hannu, tsinke da lamba

An rubuto wannan daga laccar da wata ma'aikaciyar jinya ta yi wa masu ciwon suga a Zariya.

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan'uwana, sannunku da zuwa, Allah ya ƙara sauƙi.

Da yawanku kuna da na'urar gwajin suga a gida, wasu a Sabon Gari suka saya, wasu 'ya'ya suka aiko musu. To ita na'ura abin da aka ɗiga mata take karantawa, shi ya sa zan fara da hannu.

Kafin a huda yatsa, a wanke hannu da sabulu, a goge ya bushe sarai. Wanda ya sha mangwaro ko rake, ko ya taɓa dabino, zaƙin yana nan a fatarsa. Na'ura za ta haɗa da shi ta ce suga ya hau, alhali ƙalau yake. In ya ƙara insulin saboda wannan lamba, ya jefa kansa cikin hatsari. In sifirit kika shafa, Hajiya, ki jira ya bushe. Da hunturu jini kan ƙi fitowa, sai a wanke da ruwan ɗumi, a saki hannu ƙasa a girgiza. A huda gefen yatsa, tsakiya ta fi zafi. Kada a matse da ƙarfi kamar mai tatsar saniya, ruwan jiki zai gauraya da jinin, lamba ta ɓaci. Allurar huda yatsa kuwa ba a aronta ko tsakanin miji da mata, saboda ƙwayar ciwon hanta.

Sai tsinken gwaji, wanda ake sawa a na'ura a ɗiga masa jini. Kowace na'ura da irin nata. A duba ranar ƙarewar aikinsa a jikin gwangwani. Ka ciri ɗaya, ka rufe nan take, domin danshin damina yana lalata shi, haka zafin Maris da Afrilu. Ban da ajiyewa a mota, ban da firij.

Ma'auni iri biyu ne, mg/dL da mmol/L. Na farko ake rabawa da 18 a sami na biyu. Ka ga 126 a gida, takardar asibitin Shika ta nuna 7.0, duk ɗaya ne, babu wanda ya yi ƙarya. Ga yawancin manya, ana so a ga 80 zuwa 130 a ma'aunin mg/dL kafin cin abinci, sannan ƙasa da 180 awa biyu bayan lomar farko. Mai juna biyu da tsoho, likita ne zai yanka musu nasu.

Abin da ya fi gaggawa shi ne faɗuwar suga. Ƙasa da 70, ko ka ji rawar jiki, gumi da jiri, ka sha giram 15 na sukari, wato cokalin cin abinci ɗaya na sukari ko zuma. Bayan minti 15 ka sake gwaji. In bai haura 70 ba, ka maimaita, sannan ka ci abinci. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai, zai shaƙe, asibiti za a kai shi. In na'ura ta rubuta HI, suga ya wuce abin da take iya aunawa. A wanke hannu a sake, in ta maimaita, a kama hanyar asibiti.

Malam a baya ya tambaya ko gwaji yana karya azumi. Ka'idojin da likitoci suka tsara tare da malaman addini sun ce huda yatsa ba ya karya azumi. Amma mai azumin da ya ga ƙasa da 70, ko sama da 300, ya sha ruwa, ko da saura kaɗan a kira magariba.

Ku sami ɗan littafi, ku rubuta rana, lokaci, lamba da abin da kuka ci. Fura da sukari ce, tuwon shinkafa ne, a rubuta. Ranar ganin likita ku zo da littafin tare da na'urar, a gwada ta da sakamakon asibiti.