Yadda Talla Ya Mai da Motar Lantarki Motar Mata

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka.

Wanda ya ga motar lantarki a yau zai ɗauka sabon abu ne. Alhali tun a 1897 motocin haya masu batir ke ɗaukar fasinja a New York da Landan. A 1899 wani ɗan Beljiyam, Camille Jenatzy, ya sheƙa da motar batir a kusa da Paris har ta haura kilomita 100 a awa, gudun da babu motar da ta taɓa yi kafin nan. A 1900 kuwa, kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin da aka ƙera a Amurka na lantarki ne.

An fi ɗora alhakin faɗuwar motar lantarki daga baya a kan arhar fetur, musamman bayan da mai ya ɓalle a Texas a 1901. Haka ne, amma a ganina masu sayar da ita ma sun yi wa kansu sakiyar da ba ruwa.

A wancan zamani tayar da motar fetur aikin ƙarfi ne. Sai an zura ƙarfe ta gaba an murɗa inji, in aka yi rashin sa'a ƙarfen ya dawo ya karya wa mutum hannu. Ga hayaƙi, ga ƙara, ga wahalar sa giya. Kamfanonin motar lantarki irin su Baker da Detroit Electric sai suka kafa tallansu a kan wannan, suka nufi matan attajiran birni: mota mai tsabta, ba murɗa inji, kujeru masu laushi, har da ɗan mazubin furanni a ciki. Ita kanta Clara, matar Henry Ford mai kamfanin ƙera motocin fetur, Detroit Electric take tuƙawa! Talla ya karɓu, sai dai ya liƙa wa motar sunan ta zagayen gari da ziyarar ƙawaye, magidanci mai doguwar tafiya ya kau da kai.

Sai Ford ya fito da motar fetur mai suna Model T a 1908 a kan dala 850, kuɗinta kuma yana ta sauka. A 1912 kamfanin Cadillac ya sa wa motocinsa sitata, wato na'urar tayar da inji da Charles Kettering ya ƙirƙiro, motar fetur ta daina buƙatar murɗawa, babbar hujjar masu tallan lantarki ta rushe. A ƙauyukan Amurka kuma babu wutar da za a yi caji. Detroit Electric ta yi ta lallaɓawa har zuwa 1939, bayan ta ƙera motoci wajen 13,000.