Fodkas: masu tsayuwar magariba saboda jemage

Bilkisu: Jama'a sannunku da sake kasancewa da mu. Yau Malam Nura ne ya zo mana da wani zance, wai akwai mutane da hankalinsu, da aikinsu, da iyalinsu, amma rana na faɗuwa sai su je su tsaya a gindin ginin wani suna ƙirga jemagu, kuma ba ko sisi.

Habu: Ni fa Anti Bilki tun da na ji nake dariya. Jemage fa? Ba ka tsuntsu ba ka dabba?

Nura: To ai dabba ne Habu, mai shayarwa ma kuwa, kuma shi kaɗai ne mai shayarwar da ke tashi sama da gaske. Irinsa ya haura 1,400 a duniya. A Birtaniya kaɗai ƙungiyoyin sa-kai masu kula da shi sun fi 80, kusan kowane yanki da tasa, uwarsu ita ce Bat Conservation Trust da aka kafa a 1991.

Habu: To me suke yi takamaimai, banda kallo?

Nura: Ƙirga ce babba. A watan Yuni matan jemagu sukan taru wuri guda su haihu, yawanci a rufin gida ko tsohon coci ko kogon bishiya, sai ɗan sa-kai ya zo kafin faɗuwar rana ya tsaya yana ƙirga duk wanda ya fito ɗaya bayan ɗaya, baɗi ya dawo wannan wurin dai ya sake, haka ake ta yi tun wajen 1996, da wannan lissafin ne ake gane ko suna ƙaruwa ko suna ƙarewa.

Bilkisu: Tsaya Malam, a cikin duhu ta yaya mutum zai san wane iri ne ya wuce?

Nura: Da kunne. Akwai 'yar na'ura kamar rediyon hannu. Kunnenmu ba ya wuce kilohaz 20 a ma'aunin kaifin sauti, shi kuwa jemage sama da nan yake kuka yana jin amsa-kuwwa don ya gane hanya, na'urar sai ta sauko da sautin ka ji tas-tas-tas. Wani ƙarami da ake cewa fifistirel, an daɗe ana zaton iri ɗaya ne, sai a shekarun 1990 aka gano biyu ne, ɗaya na kuka a 45 ɗaya a 55.

Habu: Kai! Wato murya ce ta tona musu asiri.

Nura: Kuma nauyin fifistirel ɗin giram 5 ne kacal, amma a dare ɗaya yana iya cinye ƙananan ƙwari har 3,000.

Bilkisu: Ni abin da ban gane ba, me ya sa ake tada jijiyar wuya a kan rufi ɗaya? In an kore su ai sai su nemi wani.

Nura: Yawwa, nan ne maganar take. Ɓera ya haifi takwas ya sake haihuwa kafin ka juya, jemage kuwa ɗa ɗaya tak a shekara. In mai gida ya toshe ƙofar shigarsu a watan Yuli yana gyaran rufi, iyaye na waje 'ya'ya na ciki ba su iya tashi ba, to haihuwar shekara guda ta garken nan ta tafi kenan. Shi ya sa dokar 1981 ta Birtaniya ta ba su kariya, yanzu lalata makwancinsu laifi ne ko da ba sa ciki a lokacin.

Habu: Amma fa Malam mu faɗi gaskiya, in gidana ne raina zai ɓaci. Ga kashi, ga tsoron cuta.

Nura: Ba ka yi ƙarya ba, kuma ni a ganina nan ne 'yan sa-kan suka fi amfani, fiye ma da ƙirgar. Doka ba ta iya zama da kai a falo ta kwantar maka da hankali, su ne ke zuwa su leƙa rufin, su ce maka waɗannan ba sa gaigayar katako ko waya, kashinsu ɓawon ƙwari ne da ke marmashewa, ka jinkirta gyaran zuwa kaka sun watse. Maganar cuta kuma ba wasa ba ce, a 2002 wani mai aikin jemagu a Sukotlan ya rasu da wani nau'in ciwon haukan kare, don haka ba a taɓa jemage da hannu tsirara, sai da safar hannu, masu jinyarsa kuma sai sun yi rigakafi.

Bilkisu: Jinya kuma? Har asibiti gare su?

Nura: Ɗakin mutum ne asibitin. Yawancin waɗanda ake kawowa kyanwa ce ta kama ta yaga musu fiffike. A sa shi a kwali da tsumma, ruwa a murfin kwalba, a riƙa ba shi tsutsa da hantsaki, in ya warke a mayar da shi daidai inda aka tsince shi da magariba.

Habu: Anti Bilki ke da kyanwa biyu, kin ji dai.

Bilkisu: Kar ka ja min sharri, nawa ko ƙadangare ba sa iya kamawa. Mu je hutu, in mun dawo Malam zai kunna mana sautin na'urar nan mu ji 45 da 55 ɗin da kunnenmu.