Lacca kan gizakar bishiyar fayin

Jama'a, abu uku zan faɗa kan wannan gizaka mai cin ganyen fayin (pine, bishiya mai ganye kamar allura) da ta addabi ƙasashen bakin Bahar Rum, daga Sifaniya da Faransa har Aljeriya. Na farko, ɓarnarta ga itace. Takan saƙa farar sheƙa kamar dunƙulen auduga a ƙarshen reshe, ta wuni ciki lokacin sanyi, da dare ta fito ta cinye ganye. Bishiyar ba ta cika mutuwa ba, sai dai ta raunana, ƙwari masu huda itace su samu ƙofa.

To amma na biyu, gashin jikinta, jama'a, gashin! Ku bar ganin dogon gashin nan na sama, ba shi ne ba. Daga mataki na uku na girmanta take fitar da wasu ƙananan gashi a gadon bayanta, dubbai, masu ƙugiya, ɗauke da dafi. Ba sai ka taɓa ta ba. Da ta ji barazana sai ta sake su, iska ta kwasa, su sauka a wuya, a ido, a kan shanyar tufafi. Sai ƙaiƙayi da borin jini, wani har numfashi ya sarƙe masa. Na baya kuna ji? Ba sai ka taɓa ta ba! Ko tsohuwar sheƙa da babu kowa ciki, dafin yana nan. Saboda haka Faransa ta sanya ta cikin halittu masu cutar da lafiyar ɗan Adam a 2022.

Na uku, yadda ake maganinsu. Wajen Fabrairu zuwa Afrilu sukan sauko daga bishiya a jere, kan wannan a wutsiyar wancan, su binne kansu a ƙasa. A nan ake tare su: a ɗaura kwala a jikin itacen, da bututu mai zubawa cikin jaka mai ƙasa a ciki. Feshin Bacillus thuringiensis kuwa, wato wata bakteriya mai kashe gizaka, sai Satumba zuwa Oktoba, suna ƙanana. In an makara, asarar magani ce.

Na'am, Hajiya? In kare ya lashi gizakar? Yawwa, wannan ya fi gaggawa. In ya lasa, za ki ga dalala, harshe ya kumbura, wani sashe yana iya ruɓewa ya faɗi. Ki sa safar hannu, ki kwarara ruwa da yawa a bakinsa, kansa a sunkuye don kada ya haɗiye. Kada ki goge, gogewa fasa gashin take yi. Daga nan sai likitan dabbobi, a take, kada a jira gari ya waye.