Daga Ina Kalmar "Prerogative" Ta Samo Asali?

Duk lokacin da shugaban ƙasa ya yi wa fursunoni afuwa, kalmar Ingilishi "prerogative" takan cika kafafen sada zumunta, kuma da yawa daga masu rubuta ta sukan manta da harafin "r" na farko. Ma'anarta ita ce wani iko ko gata da aka keɓe wa mai riƙe da muƙami shi kaɗai, kuma da ita sashe na 175 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ambaci ikon yin afuwa.

Asalinta daga harshen Latin ne, inda "prae" ke nufin kafin, "rogare" kuma ke nufin tambaya. Wato wanda aka fara tambaya. A nan ne kan mutane yake ɗaurewa, domin ba a ganin abin da ya haɗa tambaya da gata.

Amsar tana wani fili na tsohon birnin Rum, Filin Mars, inda jama'a kan taru su zaɓi manyan shugabanninsu biyu, waɗanda ake kira konsul. An raba masu zaɓe rukuni 193, kowane rukuni yana da murya ɗaya, sannan a jefa ƙuri'a a fitar da rukuni guda daga cikin masu dukiya wanda zai fara bayyana zaɓinsa. Abin sha'awa, Bahaushe ma da kalma ɗaya, ƙuri'a, yake kiran wannan jefawar da kuma zaɓen kansa. Wannan rukuni shi ne "praerogativa". Ana shelar sakamakonsa tun sauran suna tsaye suna jira, kuma Rumawa sun ɗauki hakan a matsayin ishara daga allolinsu, saboda haka akasari inda ya karkata nan sauran suke bi. A ganina, camfi bai kai ɗabi'ar ɗan Adam tasiri a nan ba, domin ba kowa yake son a gan shi a ɓangaren da zai faɗi ba. Da haka fara magana ya zama fifiko.

Kalmar ta shiga Ingilishi ta hanyar Faransanci wajen ƙarshen ƙarni na 14, ta manne wa ikon sarakunan Ingila, daga can kuma dokokin Najeriya suka gaje ta. Sai dai shi sashe na 175 ɗin ya ce shugaban ƙasa ba zai yi afuwa ba sai ya tuntuɓi Majalisar Magabata ta Ƙasa.