Sharhi: Naman Firiji da Mace Mai Juna Biyu

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau a kan wani irin nama ne da ya fara zama ruwan dare a manyan kantunan Kano da Kaduna da Abuja da Yamai. Nama ne da ake dafawa a masana'anta, a naɗe a leda, a jera a firiji, mai saye ya yanka siriri-siriri ya cusa a burodi ya ci da sanyinsa. Akwai soseji, akwai salami, akwai wanda mutanen Afirka ta Kudu ke kira foloni. Ga namiji mai cikakkiyar lafiya, galibi ba ya jawo komai. Ga mace mai juna biyu kuwa, maganar ba haka take ba.

A ranar 4 ga Maris na 2018, ministan lafiyar Afirka ta Kudu na lokacin, Aaron Motsoaledi, ya sanar da cewa an gano tushen wata cuta da ta shafe fiye da shekara tana kashe mutane a ƙasar. Foloni ne na masana'antar Enterprise Foods da ke garin Polokwane, mallakar kamfanin Tiger Brands. Abin da ya tona asirin shi ne wasu yara a wani gidan raino a Soweto da suka kwanta rashin lafiya bayan sun ci shi a watan Janairu. Kafin ƙura ta lafa, an tabbatar mutum 1,060 sun kamu, 216 sun rasu, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce ba a taɓa ganin ɓarkewar wannan cuta mai girman haka ba. Abin da ya fi sosa rai shi ne, kusan huɗu cikin goma na waɗanda suka kamu jarirai ne da ba su cika wata guda a duniya ba. Jaririn kwana goma bai taɓa sa foloni a baki ba. Uwarsa ce ta ci, cutar ta ratsa mabiyiya ta same shi tun yana ciki.

Ƙwayar cutar ana kiranta Listeriya. Tana zaune a ƙasa da ruwa da kashin dabbobi, kuma wuta tana kashe ta. To ta yaya take shiga naman da aka riga aka dafa? Bayan dahuwa ne, a kan injin yanka, a kan tebur, a magudanar ruwan masana'antar da ba a wanke da kyau ba. Daga nan a rufe ta cikin leda tare da naman. Yawancin ƙwayoyin cuta da sun ji sanyin firiji sai su tsaya cik, ita kuwa ci gaba take da hayayyafa a hankali. Naman ba zai yi wari ba, launinsa ba zai canja ba, ɗanɗanonsa yana nan yadda aka sani. Ku haɗa wannan da halin wutar lantarkinmu, inda firiji ke wuni a kashe, a kawo wuta cikin dare ya sake sanyi, da safe a taɓa leda a ce ai lafiya lau take.

Wani zai ce wannan matsalar masu cin naman alade ce. A'a. Ana yin irin wannan nama da kaza da saniya, kuma tambarin halal shaida ce ta yadda aka yanka dabba, bai ce komai ba game da tsabtar injin da ya yanyanka naman daga baya. Ba kuma matsalar ƙasashe matalauta ba ce. A 2024 a Amurka, naman kamfanin Boar's Head daga masana'antarsa ta jihar Bajiniya ya kwantar da mutane kusan 60, goma suka mutu, har aka rufe masana'antar.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce mai ciki ta fi sauran mutane haɗarin kamuwa da kusan ninki goma, saboda garkuwar jikinta tana sassautawa don ta riƙe cikin. Ita uwar ba lalle ta ji jiki sosai ba: ɗan zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, kasala, wani lokaci gudawa, wani lokaci ma ba komai. Alamun kan iya ɓulla bayan kwanaki kaɗan, kan kuma iya ɗaukar wata biyu. Abin da ke cikin ne ke ɗanɗana kuɗarsa, ko ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko a haifi ɗa ba rai, ko jariri ya zo da sanƙarau.

A nan damuwata take. A gidajenmu da mai ciki ta ce jikinta ya yi zafi, kafin ta rufe baki an ce zazzaɓin cizon sauro ne, a aiki yaro kemis. Maleriya gaskiya ce, tana da mugun haɗari ga mai ciki, shi ya sa ma ya wajaba a je asibiti a gwada jini. Idan gwaji bai nuna ta ba, ko an sha magani zazzaɓin ya ƙi sauka, to a koma, a gaya wa likita abin da aka ci a makonnin baya. Maganin maleriya ba ya taɓa Listeriya. Tana da nata maganin, irin su amfisilin, kuma idan aka fara da wuri yana iya ceton abin da ke ciki.

Ba a ce mai ciki ta haƙura da nama ba, jikinta na buƙatarsa. Tsire ko balangun da aka sauke daga wuta yanzu, yana turiri, ba shi ake magana ba. Shi ma na ledar, idan kwaɗayin ciki ya matsa, a soya shi ko a dafa har zafi ya ratsa tsakiyarsa, ma'aunin digiri 74, a ci nan take. In shawarma ce, a tsaya a ga an gasa sosejin da kyau kafin a naɗe. Madarar shanu a tafasa ta kafin a sha ko a yi nono da ita, domin ɗanyar madara da cukun da aka yi da ita suna cikin hanyoyin da cutar ta fi bi.

Maigida kuma, kai da kake biyawa kanti ka riƙo wa uwargida tsaraba don ka faranta mata, ka duba ranar lalacewar da ke jikin ledar, ka taɓa ka ji ko firijin kantin yana da sanyi da gaske. In an buɗe leda a gida kada ta wuce kwana uku zuwa biyar, wanda kuma ya kwana a firijin da wuta ta ɗauke a zubar da shi.