Ƙarin lokacin mashaya a Ingila: wa ya shafa, wa bai shafa ba?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau magana ce kan lasisin giya a Ingila, kuma na san wani zai ce to mu ina ruwanmu da giya? Da ruwanmu fa, saboda 'yan'uwanmu da yawa a Landan da Manchesta aikin dare suke, wani tasi yake ja, wani gadi yake a ƙofar mashaya, wani kuma shagon suya gare shi, duk dokar nan tana taɓa abincinsu.

Dokar da ake aiki da ita a Ingila da Wales ta 2003 ce, ta fara aiki a Nuwamban 2005. Kowane wuri da lasisinsa daga kansul, wato ƙaramar hukumar yankin, an rubuta masa ƙarfe nawa zai buɗe ƙarfe nawa zai rufe, da yawa sha ɗaya na dare suke tashi. Kansul kuma abu huɗu take dubawa: hana laifi da rigima, kare jama'a daga haɗari, kar a dami maƙwabta, sai kare yara.

To a cikin dokar akwai sashe na 172, shi ya ba ministan cikin gida ikon ƙara wa mashaya lokaci gaba ɗaya idan wani babban sha'ani ya taso. An yi haka a Yunin 2022 da Sarauniya Elizabeth ta cika shekara 70 kan mulki, an sake yi ranakun 5 zuwa 7 ga Mayun 2023 lokacin naɗin Sarki Charles, maimakon sha ɗaya aka ce a kai ɗaya na dare. Amma a Agustan 2023 da matan Ingila suka kai wasan ƙarshe na kofin duniya abin bai yiwu ba, majalisa na hutu, ba wanda zai amince da umarnin.

Yanzu ku buɗe kunne, nan ne mutanenmu ke faɗawa matsala. Wannan ƙarin na wuraren da ake zama a sha ne. Kantin da ake sayen giya a tafi da ita gida ba ya ciki. Kai kuma mai suya ko mai shawarma, a dokar nan sayar da abinci mai zafi tsakanin sha ɗaya na dare zuwa biyar na asuba shi ma sai da lasisi, ko ɗigon giya babu a shagonka, kuma ƙarin da aka yi wa mashayar da ke kusa da kai bai haɗa da kai ba. Sai mutum ya ga titi cike da jama'a ƙarfe sha biyu da rabi, kowa yunwa yake ji, ya ce ai gwamnati ta buɗe dare ya ci gaba da gashi, wallahi abin tausayi ne, don aiki ba lasisi tara ce da ba ta da iyaka, har ɗaurin wata shida yana iya kaiwa.

Kirsimeti da sabuwar shekara ma haka, ba wani izini na kowa da kowa, abin da ke rubuce a takardarka shi ne naka. Wasu tsofaffin lasisi suna da damar kwana a buɗe daren sabuwar shekara, wasu babu, sai ka ɗauko taka ka karanta.

In kana son ƙarin awoyi akwai takardar sanarwa ta wucin gadi da ake kira TEN, fam 21 ce, kana tura wa kansul aƙalla kwanakin aiki 10 kafin ranar, kuma mutanen wurin kar su wuce 499 har da ma'aikata. 'Yan sanda na iya cewa ba su yarda ba, shi ya sa ni dai shawarata tun Nuwamba a tura, Disamba ranakun hutu sun yi yawa kuma ba a ƙirga su.

Masu gadi, ku ma ku sani, ƙarin lokaci bai halatta sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 ba, haka wanda ya riga ya bugu laifi ne a ƙara masa. Direbobin tasi kuma ku gyara lissafi, cunkoson sha ɗaya ya koma ɗaya da rabi, a samu a runtsa da rana kafin a fita. Mazauna Scotland naku tsarin daban ne, shi sai bidiyo na gaba.